Alƙaluma Ba Sa Karatu: Yadda Ake Auna Rubutun da Ke Tafiyar da Na'urorinmu

A watan Fabrairun 2014 kamfanin Apple ya fitar da gyaran gaggawa ga wayoyin iPhone, bayan 'yan kwanaki kuma ya yi wa kwamfutocin Mac irinsa. Aibin da aka toshe layi ɗaya ne tak. A cikin sashen manhajar da ke tabbatar wa waya cewa shafin banki ko na saƙon da ta shiga na gaskiya ne ba na ɗan damfara ba, an rubuta umarnin "goto fail" sau biyu a jere, maimakon sau ɗaya. Na farkon yana ƙarƙashin sharaɗi: idan an samu kuskure, a tsallake zuwa ƙarshe. Na biyun an tura shi ciki daidai da na farko, don haka duk wanda ya kai ido wurin zai ɗauka shi ma sharaɗin ya rufe shi. Amma yaren C, wanda aka yi rubutun da shi, bai damu da yadda aka jera layuka a kan allo ba. A wurinsa layi na biyu umarni ne mai zaman kansa da za a bi kullum, kuma bin sa na nufin tsallake binciken ƙarshe na sa hannun shafin, tare da bayar da rahoton cewa komai lafiya lau. Sama da shekara guda wannan layi yana zaune a cikin miliyoyin wayoyi. Idon mutum ya karanta abu ɗaya, na'ura ta karanta wani daban, kuma a wannan tazara ce mafi yawan masifun manhaja ke ƙyanƙyashewa.

Irin wannan manhaja ba ita ce ake gani a fuskar waya ba. Tana can ƙasa: ita ke raba wa sauran manhajoji wurin ajiya, ita ke magana da batir da kyamara da eriya, ita ke kulle saƙo kafin ya hau intanet, ita ke sarrafa injin mota da na'urorin asibiti. Duk wayar Android da ke hannun ɗan kasuwa a Kantin Kwari ko ɗaliba a Maraɗi, a kan zuciyar Linux take tafiya, rubutun da Linus Torvalds ya fara a 1991, wanda a farkon 2025 ya haura layi miliyan 40. Babu mutum ɗaya a duniya da ya karanta shi duka, ballantana ya riƙe shi a ka. Ga shi kuma aikin injiniyan manhaja karatu ya fi yawa a cikinsa: wani bincike da aka buga a 2018, wanda ya bi diddigin ƙwararru suna bakin aikinsu, ya gano kimanin kashi 58 cikin ɗari na lokacinsu yana tafiya ne wajen ƙoƙarin gane rubutun da ke gabansu. Saboda haka ba abin mamaki ba ne da kamfanoni ke neman lamba guda da za ta gaya musu ko rubutunsu mai karantuwa ne, mai gyaruwa ne. Matsayina a wannan batu shi ne awon yana da amfani, kuma sakaci ne a yi watsi da shi, amma aikinsa ya tsaya ne ga nuna inda za a duba. Ranar da aka mai da lamba alƙali, ranar aka fara yaudarar kai.

Ma'aunan da aka fi sani sun tsufa. Mafi sauƙinsu ƙirga layuka. A 1976 Thomas McCabe ya kawo wanda ya fi shahara: a ɗauki gaɓa guda ta rubutu, wato guntun da aka ware don yin aiki ɗaya, a ƙirga wuraren da hanya ta rabu biyu a cikinta, kowane "idan kaza" da kowane "a maimaita har sai", sannan a ƙara ɗaya. Abin da ya fito shi ne adadin hanyoyi masu cin gashin kansu da dole a gwada kafin a ce an ratsa gaɓar. Shawararsa ita ce kada a wuce 10. Shekara guda bayan haka Maurice Halstead ya fito da nasa lissafin, wanda ya dogara da yawan alamomi da sunayen da ke cikin rubutu. A farkon shekarun 1990 Paul Oman da abokan aikinsa a Jami'ar Idaho suka haɗa waɗannan uku, layuka da lissafin McCabe da na Halstead, suka fitar da maki guda na sauƙin gyara. Sun daidaita lissafin ne da wasu manhajojin kamfanin Hewlett-Packard na wancan zamani, kuma lambobin da suka samu, irin su 171 da 16.2, har gobe suna nan a cikin kayan aiki na zamani. Manhajar Visual Studio ta Microsoft tana mai da makin tsakanin 0 da 100, ta kunna kore daga 20 zuwa sama. Manaja ya ga kore, hankalinsa ya kwanta, alhali abin da ya gani gwaji ne da manhajojin da aka rubuta sama da shekara talatin da suka wuce.

Da aka zo gwada waɗannan ma'aunai da kan mutane, sakamakon bai yi musu daɗi ba. Tun 1988 Martin Shepperd ya nuna cewa lissafin McCabe yana tafiya kafaɗa da kafaɗa da yawan layuka, har ta kai sau da yawa ba ya faɗin abin da ƙirga layuka bai riga ya faɗa ba. A 2017 Simone Scalabrino da abokan bincikensa suka tara ma'aunai 121, suka ba masu rubuta manhaja guntayen rubutu su karanta, suka yi musu tambayoyi don a ga ko da gaske sun gane, suka kuma auna lokacin da suka ɗauka. A cikin 121 ɗin nan babu ko ɗaya da ya nuna alaƙa mai ƙarfi da fahimtar da aka samu. Rubutun da suka gwada na yaren Java ne, wanda ya fi C kame kai nesa ba kusa ba, don haka babu dalilin zaton ma'aunan za su fi yin kyau a manhajar ƙasa. Layin Apple ma hujja ce. Umarnin da aka maimaita ba sharaɗi ba ne, bai ƙara mararraba ko ɗaya ba, saboda haka makin McCabe na wannan gaɓa bai ko motsa ba. An rushe tsaron miliyoyin mutane, ma'auni yana nuna abin da ya nuna jiya.

Dalilin wannan makanta a fili yake idan aka duba abin da ke wahalar da mai gyaran manhajar ƙasa. Ba yawan "idan kaza" ne ke hana shi barci ba. Gaɓar da ke karɓar umarni iri sittin daga wata na'ura, ta miƙa kowanne inda ya dace, za ta ci maki sama da sittin a lissafin McCabe, amma ɗalibi ma zai karanta ta kamar jerin sunaye. Wata gaɓar kuwa layi takwas ce, makinta 2, amma tana taɓa wata ma'ajiyar bayani da wani sashe can daban ke iya canjawa a daidai wannan ɗan lokacin, kuma ba ta aiki daidai sai an riga an kulle wani abu da ba a ambata ko'ina a cikinta ba. Haɗarin yana cikin abin da ba a rubuta ba: wa ke da alhakin sakin wannan wurin ajiya, wane aiki ne zai iya katse wannan a tsakiya, wane guntun ƙarfe ne ke da wata ɗabi'ar da sai wanda ya sha wuyarsa ya sani. A ƙara da cewa rubutun C guda yakan ƙunshi rassa da ake kunnawa ko kashewa gwargwadon na'urar da za a ɗora shi a kai, ta yadda abin da ke kan allo ba manhaja ɗaya ba ce, ɗaruruwa ne a cakuɗe. Ko umarnin "goto" da Edsger Dijkstra ya yi wa kaca-kaca a 1968, masu Linux suna amfani da shi da gangan don tattara aikin share fage wuri guda idan an samu kuskure, kuma a hannunsu yana sa rubutu ya fi karantuwa. Na'urar da ke ƙirga shi a matsayin laifi ba ta san bambancin wannan da na Apple ba.

To, mai karatu zai iya cewa: tunda haka ne, a zubar da ma'aunan mana, a huta. A nan ne ban yarda ba, kuma hujjata tana wata kotu a jihar Oklahoma ta Amurka. A 2007 wata mota ƙirar Toyota Camry ta 2005 ta yi haɗari, mace ɗaya ta rasu, direbar ta ji munanan raunuka, iyalai suka ce motar ce ta ƙara wa kanta gudu. A 2011 injiniyoyin hukumar NASA, bayan nazarin da gwamnati ta sa su yi, sun ce ba su gano wani aibi na lantarki da ke haddasa irin wannan gudu ba, kuma kamfanin ya tsaya a kan cewa motarsa lafiyayya ce. Amma a shari'ar 2013 wani ƙwararre mai suna Michael Barr, wanda aka ba shi damar karanta rubutun manhajar injin, ya shaida wa kotu abin da ya gani da alƙaluma. Gaɓoɓi 67 makinsu na McCabe ya haura 50, matakin da ake ɗauka cewa gwaji ba zai iya ratsa su duka ba. Gaɓar da ke lissafa yadda za a buɗe maƙogwaron injin makinta 146. Akwai kuma ma'ajiyoyin bayani kimanin 10,000 na gama-gari, waɗanda kowane sashe na manhajar ke iya sa hannu a cikinsu. Masu taya alƙali yanke hukunci sun ɗora wa kamfanin alhaki, suka yanke diyyar dala miliyan 3, daga nan aka sasanta. Ko me mutum ya ɗauka game da musabbabin haɗarin, alƙaluman sun faɗi gaskiya guda da ba ta da makawa: babu wanda zai iya rantsuwa cewa ya san duk abin da wannan rubutu zai iya aikatawa. A manhajar da ran mutum ke rataye a kanta, wannan kaɗai babban aibi ne.

Abin da wannan ke koyarwa shi ne ma'aunan suna da kaifi a gefe, suna dakushewa a tsakiya. Tsakanin maki 8 da 14 babu abin da za a iya cewa. Tsakanin 8 da 146 kuwa akwai magana. Mudu yana gaya wa mai saye yawan geron da aka zuba masa, ba ya gaya masa ko da tsakuwa a ciki, kuma wannan bai sa an daina awo a kasuwa ba, sai dai mai hankali yakan tsoma hannu ya duba. Manyan gidajen da suka daɗe suna wannan sana'a haka suke yi. Ƙa'idar rubutun Linux ta ce gaɓa ta yi aiki ɗaya, kada ta wuce cikin allo ɗaya ko biyu, kada sharaɗi ya shiga cikin sharaɗi fiye da hawa uku, kada sunayen da mai karatu zai riƙe a ka a gaɓa guda su wuce biyar zuwa goma. Amma ƙa'idar da kanta ta yarda gaɓa mai sauƙin ma'ana ta yi tsawo, kuma mutum ne, mai kula da sashen, ke yanke hukunci. A 2006 Gerard Holzmann na cibiyar JPL ta NASA ya tsara dokoki goma na rubuta manhajar da kuskurenta ke iya jawo asara babba, ɗaya daga ciki ita ce kada gaɓa ta wuce abin da zai shiga takarda guda, wajen layi 60. Waɗannan iyakoki ne masu kauri da aka kafa don kare ƙwaƙwalwar mai karatu, ba wanda ya ce su ne ma'aunin inganci.

Idan kuwa hasashen inda matsala za ta ɓullo ake so, shaidu sun nuna cewa tarihin rubutu ya fi siffarsa faɗin gaskiya. A 2005 Nachiappan Nagappan da Thomas Ball na sashen bincike na Microsoft sun duba Windows Server 2003, suka auna yawan yadda ake sake taɓa kowane sashe idan aka kwatanta da girmansa. Wannan awo ya iya raba sassa masu yawan kurakurai da marasa yawa da daidaito na kashi 89 cikin ɗari. Bayan shekara uku Nagappan da Brendan Murphy da Victor Basili suka yi wani nazarin a kan Windows Vista, wannan karon ba rubutun suka sa a gaba ba, mutanen suka kalla: injiniyoyi nawa suka taɓa sashen, nawa daga cikinsu suka bar kamfanin, ofisoshi nawa ke da hannu a ciki, akwai wanda za a nuna a ce nasa ne? Waɗannan tambayoyi sun fi lissafin sarƙaƙiya iya hango inda manhajar za ta gaza a hannun jama'a. A ganina wannan shi ne bincike mafi muhimmanci a fagen gaba ɗaya, domin ya mai da batun inda ya dace. Sauƙin gyara ba sifa ba ce da ke kwance cikin rubutu kamar nauyi a cikin dutse. Dangantaka ce tsakanin rubutu da mutanen da suka rage da za su iya gane shi. Shi ya sa a cikin Linux akwai fayil na musamman da ke lissafa mai kula da kowane sashe, kuma sashen da mai kula da shi ya tafi ana rubuta masa cewa maraya ne. Wannan kalma guda ta fi maki ɗari gaya wa injiniya abin da yake bukatar sani.

Labarin OpenSSL ya haɗa duka waɗannan wuri guda. Manhaja ce ta kyauta da wani babban kaso na shafukan intanet ke dogaro da ita wajen kulle bayanai. A ranar ƙarshe ta 2011 aka shigar mata da wani ƙari ƙarami, wanda ya manta ya binciki ko tsawon saƙon da baƙo ya ce ya aiko shi ne tsawonsa na gaskiya. Mutum ɗaya ya rubuta, mutum ɗaya ya duba, ya wuce. Sai a ranar 7 ga Afrilun 2014 duniya ta ji labarin aibin da aka sa wa suna Heartbleed, wanda ke ba kowa damar kwasar bayani har kilobait 64 a kowane jefi daga ƙwaƙwalwar kwamfutar da ke riƙe da shafi, har da kalmomin sirri. Gaɓar da ke da aibin gajeriya ce, ba ma'aunin sarƙaƙiyar da zai ɗaga mata jan tuta. Amma da an tambayi mutum nawa ke kula da wannan rubutu, da an ji abin tsoro: 'yan tsiraru ne, kusan dukkansu a lokacin hutunsu suke yi, gudummawar da jama'a ke aiko musu kuma ba ta wuce wajen dala 2,000 a shekara ba. Da masu wata manhaja mai suna OpenBSD suka ɗauki rubutun suka fara tsefe shi da sunan LibreSSL, a makon farko kaɗai sun cire layi sama da 90,000, da yawansu na tallafa wa tsoffin na'urorin da kusan ba wanda ke amfani da su. Kowane layi a cikinsu nauyi ne da mai dubawa ke ɗauka a banza kafin ya isa inda haɗari yake.

Akwai wata suka daga ɓangaren shugabannin kamfanoni, kuma ba ta wofi ba ce. Suna cewa hukuncin mutum yana da son rai, yana da tsada, yana bambanta daga wannan injiniya zuwa wancan, lamba kuwa ba ta san fuskar kowa ba, don haka gara a kafa doka: duk gaɓar da ta haura 10 ba za ta shiga ba. Matsalar ita ce abin da masanin tattalin arzikin Birtaniya Charles Goodhart ya lura da shi a 1975 game da manufofin kuɗi: da zarar an mai da ma'auni abin da ake tilasta wa mutane su cim ma, sai ya daina auna abin da yake aunawa. Injiniyan da aka tsare da wannan doka ga wa'adi yana matsowa zai yanyanka gaɓa mai maki 30 gida shida, kowace ta ci ƙasa da 10, allo ya yi kore. Sarƙaƙiyar ba ta je ko'ina ba. An warwatsa ta ne, kuma wanda zai zo gyara bayan shekara biyar sai ya yi ta tsalle tsakanin wurare shida yana haɗa abin da a da yake gabansa wuri ɗaya. Amsar son rai ba ita ce a kori mutum daga hukunci ba, a gwada mutanen ne da tsari. Haka Dan Gopstein da abokan aikinsa a Jami'ar New York suka yi a 2017: suka ba mutane 73 ƙananan guntayen C, kowane da tagwayensa mai aiki iri ɗaya amma a rubuce a sarari, suka ce su faɗi abin da zai fito. Suka tabbatar da salon rubutu 15 da ke sa mutane kuskure fiye da kima, ciki har da barin baka-biyun da ke nuna iyakar sharaɗi, wato ainihin ramin da Apple ya faɗa. Irin wannan sani yana shiga kayan aiki kai tsaye. Daga 2016 manhajar GCC, mai fassara rubutun C zuwa yaren na'ura, ta fara gargaɗi idan jerin layuka ya nuna wa ido abin da ba shi na'ura za ta yi ba. Gargaɗi ne a kan layi takamaimai, da dalili takamaimai, kuma ya fi makin gaba ɗaya amfani nesa.

Wasu na ganin sababbin yaruka za su kashe maganar. Gaskiya ne yaren Rust, wanda Linux ta fara buɗe wa ƙofa a ƙarshen 2022, yana tilasta a rubuta wa ke da alhakin kowane wurin ajiya, kuma wannan ci gaba ne na haƙiƙa, domin yana fito da ɓoyayyen sharaɗi fili inda na'ura da mutum za su gan shi tare. Amma miliyoyin layukan C da ke aiki yau za su daɗe tare da mu, kuma ana iya rubuta abin da ba ya ganuwa da kowane yare. Manhajojin ƙirƙirarriyar basira da ke rubuta wa mutane umarni cikin daƙiƙoƙi ƙara wa matsalar nauyi suke yi ta wannan fuska, tunda suna ninka abin da za a karanta ba tare da sun ninka masu ɗaukar alhakinsa ba.

Bankuna da asibitoci da ma'aikatun gwamnati da ke sayen manhaja ko ba da kwangilar rubuta ta su ne suka fi bukatar gane wannan, domin su ake miƙa wa rahoto mai launin kore a ce an gama. Rahoton ba laifi ba ne, a karɓa, a fara da gaɓoɓi goma mafi munin maki a ce a buɗe su a gaban wani injiniya da ba shi ya rubuta ba. Daga nan a nemi jerin fayilolin da aka fi taɓawa a shekarar da ta wuce, a ga ko su ne kuma masu munin makin, domin inda waɗannan biyu suka haɗu nan ne kuɗin gyara zai tafi. A tambayi sassa nawa ne mutum ɗaya kaɗai ya san kansu, da abin da aka tanada idan ya ajiye aiki. Sannan a ɗauko sabon injiniya, a ba shi gyara ƙarami na gaske, a duba agogo, a rubuta kwana nawa ya ɗauka da wuraren da ya tsaya yana neman wanda zai tambaya.